Shekarar da Rijiyarmu Ta Fara Warin Fetur

Baba ne ya baza a majalisarsu cewa 'yarsa tana ƙera keji a ƙasar waje. Ban ga laifinsa ba, don ni na gaya masa haka da bakina.

Lokacin ina karatun digiri na uku a fannin sinadarai, duk Juma'a bayan an sauko sai ya kira ni a waya. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Bayan ya tambayi sanyi da abinci da ko ina samun tuwo, sai ya dawo kan tambayar da ta fi damunsa.

"Uwata, wai ni takamaimai me kike yi ne a can? Mutane suna tambayata, ni kuma sai in ce kimiyya. Kimiyya ai ba amsa ba ce."

Wata rana na zauna na yi masa bayani yadda zai gane. Na ce, "Baba, ka san kejin tsuntsu? Irinsa nake haɗawa, sai dai ƙanƙantarsa ta kai ko madubin likita ba ya nuna shi. Kusurwoyinsa ƙwayoyin ƙarfe ne, bangayensa kuma wasu sinadarai ne masu faɗi kamar faranti. Ba da hannu ake ɗaura su ba. In an zuba su a ruwa an ɗumama, da kansu suke neman juna su harhaɗe, su bar rami a tsakiya."

"To me ake sawa a ramin?"

"Akwai wasu ƙwayoyi masu guba da ake samu a fetur da kwalta da hayaƙi. Ɗaya sunanta benzin. Wata kuma ita ce ke cikin kafur ɗin da Umma take sawa a akwatin kaya. Ba sa son ruwa, don haka da sun ga ramin sai su shige su lafe, ba su fita."

Ya ce, "Wato tarkon dattin mai a cikin ruwa."

"Kusan haka ne, Baba."

Baba tela ne, ya shekara da shekaru yana ɗinkin manyan kaya a shagon da ke jikin gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Mutum ne mai son abin da aka haɗa ya zauna daidai. Maganar kayan da ke haɗa kansu da kansu ta yi masa daɗi ƙwarai. Daga ranar duk wanda ya zauna a bencin shagonsa sai ya ji labarin tarkon dattin mai.

Da na gama na dawo, na yi aure, muka kama haya a Tarauni, na fara koyarwa a wata jami'a. Cikin kayan da na dawo da su akwai wata ƙaramar kwalba kamar ta turaren ɗuri, da ɗan garin rawaya a gindinta. Duk kejin da ya rage mini daga aikin shekarun nan ke nan. Da za a juye shi, ba zai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Na nuna wa Baba, ya ɗaga kwalbar yana duba ta a hasken ƙofa, ya miƙo mini da hannu biyu.

A tsakar gidanmu akwai rijiya. Baba ya sa aka haƙa ta shekarar da ya auri Umma, kuma tunda na buɗi ido ban taɓa ganin ta ƙafe ba, ko a bazarar da sauran rijiyoyin layin suke komawa taɓo. Famfo kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Saboda haka gidanmu kullum da masu shigowa ɗibar ruwa, amma ba wanda ya kai Mama.

Mama maƙwabciyarmu ce ta jikin katanga, Kirista ce 'yar Kudancin Kaduna. Aikin koyarwa ya kawo mijinta Kano tun ba a haife ni ba, ya rasu ya bar ta a gidan. Ta goya ni, ta yi mini kitso, ta sha yi mini faɗa in na yi wa Umma rashin ji. A katangar da ta raba mu akwai wani waje da aka bari gajere, ta nan ake miƙa mata bokiti, ta nan ita ma take miƙo mana shinkafar Kirsimeti. Kunun zaƙi da zoɓo take yi ta ɗura a gorina, masu adaidaita sahu da makanikan titin Zoo Road suna saye. Jikokinta biyu mata suna hannunta, don uwarsu tana aiki a wani gari. Da ruwan rijiyarmu take komai, sha da girki da wankan yara da sana'a.

Abin ya faro ne bayan wata damina mai ruwa da yawa. Umma ce ta fara cewa shayi yana wani ɗanɗano. Suka ɗora laifin a kan guga, wai ko wani ya wanke jarkar mai da shi, aka sayi sabo. Masu sayen kunun Mama suka ce yana ɗan wari, sai ta ƙara citta da kanumfari. Ba wanda ya ga abin ya kai a gaya mini. Ni kuma in na zo gida ba na daɗewa, in na nemi ruwa na leda ake miƙo mini daga firij, irin karramawar da ake yi wa 'yar da ta yi aure. Haka watanni suka shuɗe.

Ran da na gani da idona, na zo ne da hantsi na tarar da Umma tana wanki. Na sunkuya zan taya ta jan ruwa. Da gugan ya fito, sai na ga saman ruwan yana walƙiya da launin bakan gizo, ja da kore da shuɗi suna yawo a kai. Tun kafin in kai hancina warin ya buge ni. Na san warin nan. Na yi shekaru ina aiki da 'yan uwansa a bayan gilashi, da safar hannu, ana zuƙe iskar da na'ura don kada mu shaƙa.

"Umma, tun yaushe?"

"Me fa?"

"Tun yaushe ruwan nan yake haka?"

"Warin? Ai ya daɗe. Wannan man da yake tasowa ne dai sabo. Amma muna tafasawa kafin mu sha."

Na zauna a bakin turmi. A bayan layinmu, gida uku tsakani, akwai wani tsohon gidan mai. Ba sai an gaya mini ba, tankinsa na ƙarƙashin ƙasa ne ya huje, man yana tsiyaya a hankali, damina ta ɗaga ruwan ƙasa ta kawo mana shi.

Na ce kada wanda ya ƙara sha, kada a yi girki, kada a yi wanka. Na ce tafasawar ma ba ta da amfani, guba ce take tashi cikin tururi a shaƙa a kicin. Na leƙa ta gajeriyar katanga na kira Mama na gaya mata. Tana tsaye da ludayi a hannu, ga babbar roba cike da zoɓon da ta gama haɗawa. Ta dube ni, ta dubi robar.

"'Yata, har wannan?"

"Har shi, Mama."

Ba ta yi mini musu ba. Ta ja robar zuwa bakin kwata ta tuntsurar, jan ruwan ya bi lungu.

Da aka bincika, rijiyoyi da dama a layin suna warin, tamu ce dai ta fi. Washegari bayan la'asar Baba ya aiko a kira ni. Na tarar da zauren gidanmu cike: mai unguwa, limamin masallacin layi, wani dattijo daga cocin su Mama, da abokan majalisar Baba. An shimfiɗa mini darduma a gefe. Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Tun daga rigar na gane abin da ake jira.

Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Dakta, Allah ya yi miki albarka. Mahaifinki ya daɗe yana ba mu labarin aikinki. Ga shi Allah ya kawo ranarsa. Ki gaya mana abin da ake buƙata, mu kuma mu yi karo-karo."

Baba ya ce, "Uwata, kin zo da kwalbar?"

Na zo da ita, don ya ce in zo da ita. Na fito da ita daga jaka, kowa ya miƙo wuya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai iya ba."

Na yi ƙoƙarin yin bayani a hankali. Na ce kowane keji ƙwaya ɗaya ko biyu yake kamawa, in ya cika ya cika. Abin da ke cikin kwalbar nan ko ruwan kofi ɗaya na rijiyar ba lallai ya tsarkake ba. Ƙarfen da ake haɗa shi da shi tsadarsa kamar zinare, kuma ba a samunsa a nan. Ko da an samu an zuba, ƙarfen shi ma ba abin sha ba ne, sai an nemi yadda za a fitar da shi. Sannan man ba a rijiya kaɗai yake ba, ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin gidajenmu duka, in an kwashe na yau gobe wani zai tsattsafo.

Dattijon cocin ya ce, "Amma dai yana kamawa?"

"Yana kamawa, ranka ya daɗe. A ɗakin gwaji, a ɗan ruwa kaɗan. Abin da muke yi neman sani ne, don wataƙila wata rana a iya yin mai araha da yawa."

"Wata rana yaushe?"

"Ban sani ba."

Wani abokin Baba ya ce, cikin tausasawa, ko a gwada zuba ɗan kaɗan ɗin, ai ba a san inda albarka take ba. Na ce a yi haƙuri. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka watse. Ba wanda ya gaya mini magana mara daɗi. Da ma an gaya mini da ya fi mini sauƙi. Baba ya raka su ƙofa, ya dawo ya cire rigar ya ninke ta, ya ce in gaida maigidana.

Abin da zan iya na yi. Na ɗebi ruwan a kwalabe don a auna. Na'urar da ke wurin aikina ta daɗe a lalace, sai na aika wa wata abokiyar karatuna da ke Kudu. Sakamakon ya zo kamar yadda na zata, benzin ya ninka abin da aka yarda mutum ya sha nesa ba kusa ba. Da shi muka je wurin mai gidan man, ni da mai unguwa. Da farko ya ce tankinsa lafiya lau, ai makanikai ma suna zubar da baƙin mai a unguwar. Muka kai ƙara inda ya kamata, aka zo aka duba aka tafi. Daga baya dai ya rufe wurin na ɗan lokaci, aka tono tsohon tankin duk ya ci tsatsa, aka sa sabo. Ya aiko da tankar ruwa sau biyu ko uku, kowa ya cika robobinsa, daga nan ba a ƙara ganinta ba. Zubar man ta tsaya, amma wanda ya riga ya shiga ƙasa yana nan.

Baba bai haƙura ba. Ba tare da ya gaya mini ba ya kira masu yasar rijiya, wai in an kwashe ruwan an ƙwaƙule taɓon za ta gyaru. Umma ce ta kira ni a waya tana salati. Kafin adaidaita ya sauke ni, an riga an jawo mutumin da ya shiga, yana kwance a tabarma ana yi masa fifita, idonsa jajir, yana ta amai. Allah ya sa igiya na ɗaure a ƙugunsa. Ranar ce na fara ɗaga wa Baba murya a rayuwata. Na ce da mutumin nan ya mutu fa? Na ce ashana ɗaya ta ishi gidan nan. Ya shiga ɗaki ya ɗauko kwaɗo ya kulle murfin rijiyar, ya sa mukullin a aljihu.

Na gwada haɗa musu matatar gawayi da yashi a cikin durom, irin wadda ake koya wa ɗalibai. Warin ya ragu, har Umma ta yi murna. Amma ba ni da na'urar da zan tabbatar abin da ya rage a ciki, kuma hanci ba ma'auni ba ne. Na ce a yi shara da shi da wankin banɗaki kawai. Suka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa, Baban da bai taɓa sayen ruwa ba yana tsayawa a ƙofar gida yana ƙwala wa mai kura kira.

Sana'ar Mama kuwa ta mutu. Ta koma yin kunu da ruwan saye mai kyau, amma labari ya riga ya zaga, masu adaidaita suka riƙa wuce ta. Ba wannan ne ya fi damunta ba. Wata Lahadi bayan ta dawo daga coci ta zo har gidana a Tarauni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa.

"'Yata, zan tambaye ki, kuma ba na son ki lallashe ni. Yaran nan sun sha ruwan nan wata da watanni. Da shi na dama musu koko. Me zai yi musu?"

Na san amsar da ke cikin littafi. Benzin yana taɓa ɓargo, inda jiki yake yin jini. Wasu da suka daɗe suna mu'amala da shi sukan kamu da ciwon dajin jini bayan shekaru. Da yawa kuma ba abin da yake samunsu. Ba wanda zai iya nuna yaro ya ce wannan zai kamu, wannan ba zai kamu ba. Na gaya mata haka, ina zaɓar kalmomi, amma ban ɓoye ba.

"To akwai maganin da za a ba su ya wanke shi?"

"Babu, Mama. Wanda suka sha jiki ya riga ya fitar. Abin da ya bari ne ba a sani ba."

"Wannan abin naki fa, mai kamawa? Ba a sha?"

"Ba a sha."

Ta gyaɗa kai.

"Masu adaidaitan nan fa da na sayar wa? Wasu ban ma san sunansu ba. Akwai wani da yake saya wa matarsa mai ciki kullum."

"Ba ki sani ba, Mama. Ba wanda ya sani."

"Na ji warin," in ji ta. "Na ƙara citta."

Na matsa kusa da ita na riƙe hannunta. Matar da ta goya ni tana kuka a falona, ni kuma da duk karatun da na yi a kan wannan gubar, iyakar abin da na iya ce mata shi ne a riƙa auna jinin yaran lokaci-lokaci, kuma in ta ga suna yawan zazzaɓi, ko haɓo, ko shatar jini a fata ba tare da sun bugu ba, ta kira ni.

Kafin damina ta zagayo aka rufe rijiyar. Ruwan bai gyaru ba, kuma samarin layi sun fara maganar wai a bar su su riƙa yaɗe man da ke sama suna zuba wa janareto. Baba da kansa ya kira magini. Aka cika ta da ƙasa da ɓaraguzai, aka zuba siminti a kai. Yana tsaye har aka gama, yana nuna wa maginin inda bai shafe da kyau ba. Umma ta shige ɗaki, ta ce ba za ta iya kallo ba. Yanzu wurin dakali ne, a kai take shanya kuɓewa.

Baba bai taɓa yi mini gori ba. Har yanzu in an tambaye shi yakan ce 'yarsa malama ce a jami'a, sai ya tsaya nan. Sau ɗaya, muna zaune a shago yana sa zare a allura da ƙyar, ya ce, "Uwata, kina ci gaba da aikin nan kuwa?" Na ce ina koyar da shi dai, kayan yinsa babu. Ya ce, "Ki ci gaba in kin samu hali. Wasu za su amfana ko ba mu ba." Ban san ko ya yarda da abin da ya faɗa ba, ko don ya ga fuskata ne.

Mama ta bar gidan ta koma wurin ɗanta a unguwar Babban Giji da yaran. Ba nisa, amma ba katanga ɗaya ba. Takan kira ni in ɗayansu ta yi zazzaɓi, ko da kowa ya san sauro ne. In na ga lambarta, duk abin da nake yi sai in ajiye in ɗauka. Ni nake raka su awon jini, don ta ce ba ta gane abin da likita yake faɗa in ba ina wurin ba.

Zuwanmu asibiti na baya-bayan nan, babbar jikar ta shiga sakandare, ta yi tsawo har ta kusa kamo ni. Muka zauna a benci muna jira, yaran suna faɗa a kan wayata. Da sakamakon ya fito likita ya duba ya ce komai daidai. Mama ta ɗaga hannu sama ta gode wa Ubangiji. Da muka fito bakin titi muna jiran adaidaita, ta jawo ni gefe yadda yaran ba za su ji ba.

"Yanzu dai mun tsira ko, 'yata?"

Na ce, "Na bana ya yi kyau, Mama."

"Na bana," ta maimaita. Ta gyara wa ƙaramar wuyan riga, ta tsayar da adaidaita, ta ce in gaida Baba da Umma, in ce musu tana nan zuwa.